Dish, dikoda ko data: lissafin kallon gidanmu a Nima

Kafin ka ɗauki kuɗinka ka nufi Zongo Lane ko Circle a nan Akara, babban birnin Gana, sayen dikoda, zauna tukuna ka tuna abin da gidanka ya kalla a 2025. Ni Hajiyarmu ce ta tilasta min wannan lissafin. Ranar wata Juma'a ina tsugune ina biyan kuɗin wata na dikoda ta MoMo a waya, ta nuna dikodar da carbinta ta ce, "Ɗan nan, wannan akwatin da kake ciyarwa duk wata, wa yake kallonsa in ba kai ba?"

Na ce, "Hajiya, ai na kowa ne." Ta yi shiru, irin shirun da ya fi magana ciwo.

Da na zauna na ƙirga, gaskiyarta ce. Ita abin da ta fi so a shekarar Daɗin Kowa ne na Arewa24, sai tafsiri da azumi. Uwargida ta raba zuciyarta biyu, tsakanin shirye-shiryen Kannywood masu dogon zango da finafinan Indiya da ake juya wa baki zuwa harshen Twi a Adom TV. Yara katun. Ni kuwa ƙwallo, musamman tun watan Yuli da Mohammed Kudus, ɗan unguwarmu, ya bar West Ham ya koma Tottenham. Wato cikin mutum shida, ni kaɗai nake cin abin da ake biya wa kuɗi mai yawa, shi ma Asabar da Lahadi, kuma rabin wasannin a majalisar ataya nake kallonsu don ba daɗin ihu kai kaɗai.

To ga yadda na auna hanyoyin.

Dish na kyauta, irin na Multi TV, shi ne jakin gida. Sau ɗaya za ka biya: faranti, dikoda, waya da ladan mai haɗawa, shi ke nan ba kuɗin wata. A kai za ka samu Adom TV, Joy Prime, JoyNews da tarin tashoshin Gana. Abin da masu sayarwa ba sa gaggawar faɗa shi ne, faranti ɗaya tauraro ɗaya yake fuskanta. Na Multi TV yana kallon Astra ne, tashoshin Hausa da na Larabawa kuwa suna warwatse a kan wasu taurarin. Don haka in saboda tsohuwa za ka saya, gaya wa mai haɗawa sunan tashar tun a ƙasa. Wataƙila sai ya ƙara LNB na biyu, wato ɗan ƙoƙon nan da ke bakin faranti, ko ma faranti na biyu. Kada ka sallame shi sai ka ga tashar tana magana a ɗakinka. In gidan haya kake, irin gidajenmu na Nima da Mamobi masu ɗakuna goma tsakar gida ɗaya, nemi izinin mai gida kafin a taka masa kwano. Kuma ka sani kowane irin dish yana ɗaukewa in ruwan Yuni ya kece.

DStv da GOtv duk na MultiChoice ne, kuma in za a faɗi gaskiya ƙwallo muke saya a wurinsu, don gasar Firimiyar Ingila tana hannun SuperSport. DStv faranti yake so, GOtv kuwa eriya ce kawai, ya fi sauƙi ga mai ɗaki ɗaya. Wanda ya bi labarai ya san yadda ministan sadarwa Sam George ya sa kamfanin a gaba a 2025 yana neman a rage kashi 30 cikin ɗari na farashi, har da barazanar dakatar da lasisi, aka ƙare da ɗaga masu biya zuwa kunshin da ke sama da nasu daga watan Oktoba. Amfanin wannan gare ka shi ne, sake duba jerin tashoshin kunshinka, mai yiwuwa wanda ke ƙasa ya ishe ka yanzu. Tambayar da za ka yi a shago ɗaya ce: a wannan kuɗin, wasa nawa na Firimiya zan gani a mako? Ƙananan kunshi ɗanɗano suke bayarwa. Haka in Africa Magic Hausa kake nema, ce a nuna maka ita a jerin Gana, kada a karanto maka na Najeriya. StarTimes ma tana nan, hannunta ya fi sauƙi, ta dace da gidan da ya fi son finafinai da katun, amma mai bin Kudus ba zai ƙoshi a can ba.

Wata dabara: ba dole ka biya wata goma sha biyu ba. Gasar cin kofin duniya ta 2026 an sa ta daga 11 ga Yuni zuwa 19 ga Yuli a Amurka, Kanada da Meziko, Black Stars na rukuni ɗaya da Ingila, Kuroshiya da Panama. Wasannin Gana a irin wannan gasa an saba nuna su kyauta a GTV, lokacin kuma Firimiya tana hutu.

Inda kuɗinmu ya fi tafiya ba tare da mun lura ba shi ne data. Yawancin shirye-shiryen Kannywood yanzu YouTube suke sauka mako-mako, Labarina a tashar Saira Movies, Izzar So a Bakori TV, ga sababbi suna fitowa kamar ciyawar damina. A nan ba ruwanka da agogon tasha, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne gare mu. Kano na gaban Akara da awa ɗaya. Shirin da aka sa ƙarfe 8 na dare a can, ƙarfe 7 yake zuwa mana, daidai ana shirin kiran isha'i, tuwo na kan wuta. Sau nawa Hajiya ta sallame salla ta tarar har an wuce inda ake rigimar.

Sai dai data ba ta da kunya. Awa ɗaya a ƙaramin hoto, 360p, tana cin kusan megabait 300, a 720p kuwa ta kan haura gigabait guda. A waya 360p ya isa, fuskokin na fita sarai. Talabijin mai intanet ita ce ɓarauniya: in ka bar ta ta zaɓa da kanta, hoton da ya fi tsada take ɗauka, kafin a gama kashi biyu kunshin mako ya tafi. Saita ta da hannunka. Mu abin da muke yi, uwargida ta sayi datar tsakar dare, ta sauke shirye-shiryen mako a waya kafin ta kwanta, da rana a kalla ba sabis. Ko an ɗauke wuta kallo bai tsaya ba muddin akwai caji. Zancen wane layi ya fi, MTN ko Telecel ko AT, kada ka biye wa talla. Ari layin maƙwabci ka gwada a cikin ɗakinka, a daidai kujerar da kake zama, da ƙarfe 8 na dare lokacin da duk unguwa ta hau kai. In talabijin ɗinka tsohuwa ce mai ramin HDMI, ƙaramin akwatin Android ya wadatar, ba sai ka sayi sabuwa ba. Netflix na da kyau ga mai son finafinan waje da na Legas, amma na Hausa a ciki ba su taka kara sun karya ba.

Akwatin da zan hana ka shi ne wanda ake raɗa maka a kunne, wai duk tashoshin ƙwallo kyauta har abada. Na saya da ƙaramar salla a hannun wani yaro mai daɗin baki. Ya yi aiki kamar gaske, na tara abokai, na yi ta cika baki. Kafin babbar salla allo ya yi baƙi ana tsakiyar wasa, lambar yaron kuma ta daina shiga. Har yau akwatin na ƙarƙashin gado. Masu tura finafinai a memori ma araha gare su, sai dai ko kwabo ba ya isa ga waɗanda suka sha rana suka shirya fim ɗin, alhali kallonka a tasharsu ta YouTube yana kai musu wani abu.

Mu dai mun yanke: dish na kyauta a falo, an ƙara masa ƙoƙo na biyu saboda Hajiya, kuɗin wata kuma an raba shi, kaso mafi tsoka ya koma datar uwargida. Dikodar ƙwallo na kai ta majalisa, mu takwas muke karo-karo. Jiya na dawo daga kallon wasa murya a dishe, Hajiya na riƙe da rimot, ko ɗago kai ba ta yi ba ta ce, "Matsa, ka tare min hoto."