Igiya da ƙarfen tsohon jirgi: me za ka saya kafin ka shiga ruwa?

Kawuna ya sayi tsohon jirgin katako a hannun wani basarke, irin dogayen nan masu kawo kabewa da itace Yamai daga ƙauyukan bakin kogi. Jikin jirgin lafiya lau. Abin da ya kusa jefa mu cikin masifa igiyar akala ce, wadda ke jan allon juya jirgi a baya. Ta tsinke muna dab da gadar Kennedy a watan Janairu, lokacin da ruwan da ke gangarowa daga ƙasar Gine ya iso, kogi ya cika maƙil. Da gora muka tsira. Da na murza guntun igiyar a hannuna, sai ta riƙa zuba kamar garin rogo.

Tun daga ranar ba na sayen igiya da ido. Kala uku za ka tarar a kasuwa, kuma mai shago duk "nailan" zai ce maka.

Ta farko ita ce mai sheƙin nan, shuɗiya ko ruwan ɗorawa, mai kaushi a hannu. Sunanta polifirofilin. Ta fi araha, ba ta nitsewa, amma rana ce ajalinta, ranar Yamai kuwa a watan Afirilu ta wuce digiri 40. Irinta ce ta ci amanarmu. Ta dace da igiyar da za ka jefa wa wanda ya faɗa ruwa, tunda tana yawo a sama. Kada ka ɗora mata akala.

Nailan na gaskiya santsi gare shi, yana nitsewa, yana miƙewa in an ja shi. Miƙewar nan alheri ce wajen ɗaure jirgi a gaɓa, domin ita ke shanye fizgar igiyar ruwa, ba ta bari ƙarfe ya tumɓuke daga katako. A akala kuwa illa ce: ka ja, jirgi ya yi jinkirin amsawa, kai kuma ga dutse a gabanka.

Ta ukun, poliyesta, ita nake saya wa akala, da kuma ɗaure sandar ƙyallen iska ga masu kafa shi. Ba ta cika miƙewa ba, tana jure rana, jiƙewa ba ta rage mata ƙarfi. Ta fi tsada, kuma sai ka yi yawo a kasuwar Katako kafin ka same ta. Ka roƙi mai shago ya yanko maka ɗan guntu ka jefa a bokitin ruwa. In ya taso, ka san ta farkon ce, ko da me ya kira ta.

Sai ƙarfe: zobba, ƙugiyoyi, notuna da maratayin allon baya. Baƙin ƙarfen maƙera yana da sauƙin kuɗi da sauƙin gyara, sai dai tsatsa. Mai rufin tutiya, wanda ake ce wa galbanize, ya fi shi daɗewa nesa ba kusa ba. Inokis, wato farin ƙarfen nan da ake cewa ba ya tsatsa, shi ne mai ɗaukar ido. In ka ga an buga A2 a kan noti, ya wadatar a ruwan daɗi irin namu. A4 don ruwan gishiri aka fi bukatarsa, kamar Kwatano ko Lome, ba sai ka ƙara kuɗi a kansa ba. Ka tafi da mayen ƙarfe a aljihu: inokis na kirki da ƙyar yake kama shi, baƙin ƙarfen da aka yi wa fenti kuwa caraf zai manne.

Ni dai galbanize na zaɓa wa kawu, don yana nuna ciwonsa. Tsatsarsa a fili take fitowa. Inokis kan ci daga ciki, a wurin da ya nutse cikin jiƙaƙƙen katako iska ba ta kai masa, waje yana walƙiya har ranar da zai karye.

Kuma kafin ka biya kuɗin sabon ƙarfe, kwance noti ɗaya daga katakon da ake ɗaura inji, ka soka tsinin wuƙa a ramin. Namu da muka soka, wuƙar ta shige kamar cikin dafaffen rogo, sai da kafinta ya sake katakon gaba ɗaya kafin muka ɗaura komai a kai.