Pertronix Ignitor a Tsohuwar Motar Tafi-da-Gidanka: Abin da Yake Gyarawa da Abin da Ba Ya Taɓawa

Duk bakaniken da ya yi zamani da Fijo 504 ko Bitil ya san halin kontak, ɗan makunnin nan da ke buɗewa da rufewa cikin distibita don filogi ya samu tartsatsi: yau ka goge shi ka saita, bayan wata uku ya ci wuta ko ya matse. Da wannan ciwon kan masu tsofaffin motocin tafi-da-gidanka na Amurka suke fama har yanzu, wato motocin nan masu gado da kicin da banɗaki a ciki, kuma nasu ya fi tsanani. Ɗauki GMC Motorhome ta 1973 ko 1974, mai injin Oldsmobile 455, lita 7.5. Nauyinta ya kai wajen tan 5, injin kuma yana rufe ƙarƙashin daɓe tsakanin kujerar direba da ta fasinja, inda zafi ba ya samun hanyar fita. Ga shi motar tana iya yin wata shida a ajiye, sannan a tashe ta rana ɗaya a ce ta hau dutse da cikakken kaya.

Abin da ke faruwa a cikin distibita shi ne, ɗan robar da ke gogar kam yana cinyewa a hankali. Yana cinyewa bakin kontak yana matsewa, taimin, wato lokacin da tartsatsi ke fita, kuma yana ja baya ba tare da kowa ya taɓa shi ba. A ƙaramar mota sai dai ka ji ta yi sanyi. A mota mai tan 5 kuwa, wutar da ta makara tana tura zafi cikin bututun hayaƙi har manifol ya tsage, ruwan lagireto ya tafasa a kan hawa, mai kuma ya riƙa tafiya a banza.

Pertronix Ignitor, na wani kamfani da ke Kalifoniya, wannan matsalar ce ya zo kashewa. Ana cire kontak da kondensa, a ɗaura ɗan modul a gurbinsu, a sa zoben maganaɗisu da ke juyawa tare da sandar distibita. Babu abin da ke gogar wani abu, don haka taimin yana zama inda aka ajiye shi. Waya biyu kaɗai ke fitowa, ja da baƙa. Daga waje ba wanda zai gane an canja wani abu, kuma wannan ya yi wa masu son motarsu ta zauna da kamanninta na asali daɗi.

Hukuncinmu a taƙaice: kaya ne mai kyau, ya cancanci kuɗinsa ga motar da ta zo da kontak daga masana'anta. Amma kontak kaɗai yake maye. Yawancin waɗanda ke cewa ya ba su kunya, sun ɗora shi ne kan distibitan da ya gaji ko kan wutar da ba ta kai ba.

Wanne za a saya

Iri uku ne. Ignitor na farko shi ne mafi arha kuma mafi sauƙi: lamba 1181 na distibitan Delco, na motocin GM, mai silinda 8 daga 1957 zuwa 1974, 1281 na Ford, 1381A na Chrysler, sai 1847A na Bosch 009 da ake samu a Volkswagen Westfalia. Ignitor II lambobinsa iri ɗaya ne, sai dai an ƙara 9 a gaba, kamar 91181. Na uku yana da tartsatsi mai maimaituwa da abin tsare gudun inji, wanda injin da ba ya wuce juyi 3,500 a kan hanya ba shi da buƙatarsa. A duba lambar da ke jikin distibita kafin a yi oda, domin mota mai shekara hamsin ba lallai distibitan da aka haife ta da shi ne a jikinta ba.

Ga motar tafi-da-gidanka, Ignitor II muke ba da shawara, kuma dalili ɗaya ya isa. A Ignitor na farko, idan aka bar makulli a buɗe inji ba ya aiki, kuma maganaɗisu ya tsaya daidai inda modul yake a kunne, wuta za ta riƙa bi ta koyil ba tsayawa har koyil ko modul ya ƙone. Mota ce da mutane ke zama a cikinta, yaro ya murɗa makulli, wani ya buɗe don duba mai ya manta. Ignitor II yana yanke wutar da kansa idan ya ga inji ba ya juyawa. Sharaɗinsa shi ne ba ya shiri da wayoyin filogi masu zallar jan ƙarfe a ciki, sai masu hana hayaniyar rediyo.

Idan motar Dodge ce ta 1973 zuwa sama, irin su Winnebago da Travco masu injin 318 ko 440, ko GMC ta 1975 zuwa 1978, to kada ma a kashe kuɗin. Waɗannan sun zo da wutar lantarki tasu marar kontak, za mu taɓa su a ƙasa.

Kafin a kwance komai

Kada a saka Ignitor a motar da ba a san ciwonta ba. A fara tayar da ita da kontak ɗinta. A Delco mai silinda 8, ana buɗe ɗan tagar da ke jikin murfi, a sa alanki mai kaurin 1/8 na inci, a saita dwel a digiri 30. Dwel shi ne tsawon juyin da kontak yake yi a rufe. Sai a taka totur a hankali ana kallon mita. Idan allurar ta yi yawo fiye da digiri 3, bushin sandar ya cinye, kuma modul ba zai warkar da wannan ba. A cire murfi a girgiza sandar hagu da dama. Hannu zai tabbatar.

Na biyu, a kama rota a murɗa ta wajen da take juyawa a saki. Ya kamata ta koma da kanta nan take. Idan ta tsaya cak ko ta koma da ƙyar, ƙarafan nauyin da ke ƙarƙashinta sun yi tsatsa, wanda shi ne ciwon motar da ke daɗewa a ajiye. A wanke su, a shafa ɗan giris kaɗan, a duba sifirin biyun. Sannan a tsotsi tiyon da ke zuwa gwangwanin bakum: farantin ciki ya motsa, kuma ya tsaya muddin harshe yana toshe bakin tiyon. In iska tana wucewa, robar ciki ta fashe, a canja gwangwanin. Injin da waɗannan biyun suka mutu a cikinsa zai yi silo lafiya lau, amma a kan hanya ba shi da ƙarfi, ko wane irin modul aka sa masa.

Inda aka fi faɗuwa: jar waya

Nan ne ya kamata a tsaya da kyau. Motocin kontak na Amurka ba sa ba koyil cikakken volt 12 idan inji yana aiki. Chrysler tana sa farar rasista ta tangaran a bangon inji, ana ganinta. GM da Ford kuwa sun ɓoye rasistar a cikin waya, ba abin da ido zai gani sai wata waya da ta ɗan bambanta da sauran. Lokacin da ake tayarwa kaɗai ake tsallake ta, a GM ta wata waya da ke fitowa daga solanoid ɗin sitata.

Tarkon shi ne, idan ka ɗora mita kan ƙafar koyil mai alamar + alhali kontak yana buɗe, za ka ga volt 12 ka yi murna. Ƙarya ce, don babu wutar da ke gudu. A rufe kontak, ko a haɗa ƙafar − da jikin inji na 'yan daƙiƙu, a sake aunawa. In ka ga volt 6 zuwa 9, akwai rasista a hanya. Modul ɗin da aka ciyar daga nan zai tashi da safe, ya yi aiki, amma da zafi ya kama, ga fitilu da fanka a kunne, sai ya fara katsewa ko ya mutu a mahaɗar hanya. Daga nan a ce kayan jabu ne.

Gyaran da ya fi tsafta shi ne rile mai amfiya 30 tare da fis, wanda ke ɗauko wuta kai tsaye daga batirin inji. A motar da ke da batiri biyu a tabbatar ba na ɗaki aka kama ba, don shi ne ake ƙararwa da dare. Tsohuwar wayar koyil ita ce za ta riƙa kunna rilen. A tabbatar wutar tana nan a matsayi biyu na makulli, lokacin da sitata ke juyawa da lokacin da aka saki. Ja zuwa wannan wutar, baƙa zuwa ƙafar − ta koyil. Juya su sau ɗaya yana iya kashe modul ɗin Ignitor na farko nan take, don haka a cire kan batiri kafin a fara, a kuma duba sau biyu kafin a mayar.

Sai koyil. Ignitor na farko yana son aƙalla om 1.5 a inji mai silinda 8, om 3 a mai silinda 4 ko 6. A auna tsakanin ƙananan ƙafafun biyu, a cire abin da wayoyin mitar ke nunawa idan an haɗa bakinsu. Shuɗin koyil na Bosch da ake sa wa Westfalia yana wajen om 3, ya dace yadda yake. Ignitor II yana ɗaukar koyil mai om 0.6. Kamfanin yana sayar da nasa, Flame-Thrower, da rubutun volt 40,000 a kwali. Koyil ne mai kyau, amma kada lambar ta ɗauki hankali: filogi yana jan abin da bakinsa ke buƙata ne kawai, wanda bai kai rabin haka ba a injin da yake lafiya. Koyil mai mai a ciki a ɗaura shi a tsaye, nesa da manifol.

Ɗaurawa

Aikin awa ɗaya ne zuwa biyu. A yawancin kit ɗin akwai ɗan ma'aunin roba mai kaurin inci 0.030, wajen milimita 0.75, na tazarar da ke tsakanin modul da maganaɗisu. Kit ɗin Delco ya bambanta, kuma shi ne abin da ba mu so a kayan nan: zoben yana maƙale ne ƙarƙashin rota, yana shawagi a saman modul, don haka wasan da sandar ke yi sama da ƙasa yana canja tazarar. Dole ta zauna tsakanin inci 0.010 da 0.060, wanda sau da yawa sai an ciro distibita gaba ɗaya an sa siraran zobban ƙarfe masu rage wasan. Akwai 1181LS da ke karanta kam kai tsaye ba tare da zobe ba, ya fi sauƙi nesa ba kusa ba.

Abu biyu ƙanana da ke jawo babbar wahala. Modul yana samun haɗin jiki ne ta farantin da yake zaune a kai, don haka 'yar wayar da ke haɗa farantin da gangar distibita dole ta kasance lafiya; daga faranti zuwa ƙafar − ta batiri kada mita ta nuna fiye da om 0.2. Sannan a bar wa wayoyin ja da baƙa ɗan sassauci a ciki don faranti yana motsi, amma ba yadda rota za ta goge su ba.

Bayan an gama taimin zai kauce, wani lokaci da digiri da yawa. A cire tiyon bakum a toshe, a sa fitilar taimin, a bi lambar da ke littafin motar. Distibitan Oldsmobile yana juyawa ne saɓanin hannun agogo, saboda haka ana ƙara wuta ta murɗa gangarsa wajen da agogo ke bi. Idan alamar fuli ta nuna abin da hankali bai ɗauka ba, a tabbatar da saman fistin na ɗaya, domin zoben fulin yana zamewa a kan robarsa idan ta tsufa. Kada a yi kwaɗayin ƙara wuta. Mota mai wannan nauyin, in ta fara ƙarar ƙwanƙwasa a kan hawa, fistin take ci. Bakin filogi ana iya buɗe shi da inci 0.005 sama da na littafi; fiye da haka tsofaffin wayoyi da murfi ne za su fara zubar da wuta.

Abin da za a gani: tashi da wuri, silo mai natsuwa, da taimin da ba ya motsi shekara da shekaru. Ƙarin ƙarfi ko ragin shan mai da wasu ke ji, na injin da kontak ɗinsa ya lalace ne ya dawo daidai. Rauninsa na gaske shi ne kontak yana gargaɗi kafin ya mutu, modul kuwa ba ya sallama. A ɗaure tsohon kontak da kondensa da kusoshinsu da wayarsu a leda ɗaya, a ajiye a motar.

Waɗanda ba sa buƙatarsa

A Dodge mai wutar lantarki ta Chrysler, idan mota ta tashi muddin ana riƙe da makulli, ta mutu da an saki, farar rasistar ce ta yanke; kusa ɗaya ke riƙe da ita, a riƙa yawo da ta ajiya. Idan babu tartsatsi sam, a kankare tsatsar da ke bayan akwatin wutar, don ta jikinsa yake samun haɗi, sannan a auna fikof ɗin distibita, wato ɗan koyil mai maganaɗisu da ke gurbin kontak, om 150 zuwa 900, tazararsa kuma inci 0.008 da ma'aunin tagulla, ba na ƙarfe ba saboda maganaɗisu.

A HEI na GM, wato distibitansu marar kontak, mutuwa da zafi da tashi bayan an huce yawanci modul ne da aka ɗaura ba tare da farin man ɗauke zafi a ƙarƙashinsa ba. Fikof ɗinsa om 500 zuwa 1,500 ne, kuma a auna ana tsotsar tiyon bakum, domin siraran wayoyinsa biyu suna karyewa a cikin rigarsu saboda motsin faranti. Mai GMC ta 1973 ko 1974 yana iya ɗora HEI na Oldsmobile gaba ɗaya a maimakon Pertronix, kuma kayan gyaransa sun fi samuwa a kan hanya. Sai dai murfinsa babba ne, yakan taɓa gidan matatar iska, kuma shi ma cikakken volt 12 yake so, don haka aikin rilen nan ba a tsallake shi.