Kwanan tanti a kewayen Baraboo: Devil's Lake ya ci sunansa, amma a lura da inda za a kafa tanti

Baraboo ƙaramin gari ne a jihar Wisconsin ta Amurka, mutanensa ba su wuce 12,000 da 'yan kai ba. Mil 3 kudu da shi kuwa akwai gandun shaƙatawar da ya fi kowanne cika a jihar, wato Devil's Lake State Park, wanda aka kafa a 1911. Tafki ne mai faɗin eka 360, duwatsu masu tsayin kusan ƙafa 500 sun sa shi a tsakiya gabas da yamma. Wajen kyau dai babu gardama. Inda ake samun ɓacin rai shi ne wajen kwana, kuma yawanci rashin sanin tsarin wurin ne yake jawo shi.

Sansanonin kwana na iyali uku ne, Quartzite, Northern Lights da Ice Age, da gurbin kwana sama da 400, dukkansu a ɓangaren arewa. Babu ko ɗaya da ke bakin ruwa. Wanda ya biya kuɗi da zaton zai buɗe tanti da asuba ya ga tafki, to ya sha kunu, sai ya taka ko ya ɗauki mota.

Quartzite a da filin wasan golf ne, shi ya sa yake shimfiɗaɗɗe, ga ciyawa, ga lantarki a yawancin guraben, ga kusanci da tafkin. Ya dace da masu motocin nan da ke da ɗakin kwana a ciki, kuma shi ake bari a buɗe har cikin hunturu. Ga mai tanti kuwa a watan Yuli, wurin ba shi da daɗi: inuwa kaɗan ce, rana na fitowa tanti ya ɗauki zafi, maƙwabci kuma yana ganin abin da ke cikin tukunyarka. Northern Lights gauraye ne, wasu guraben cikin itatuwa, wasu a fili, ƙasar kuma tana da gangare a wurare da dama. A duba hoton gurbin a shafin ajiye wuri kafin a biya, domin tantin da aka kafa a ƙasan gangare shi ruwan sama yake bi. Ice Age shi ne mafi nisa daga tafkin, cikin daji sosai, yawancinsa babu lantarki. A ganina shi ya fi ga mai tanti, saboda inuwa da ɗan sirri tsakanin gurbi da gurbi, sai dai sauro ya fi yawa a can. Akwai banɗaki da wurin wanka a duka ukun a lokacin zafi. Ba a ja famfo zuwa kowane gurbi ba, don haka a zo da jarka.

Ana buɗe ajiye wuri wata 11 kafin ranar zuwa, ta shafin intanet na gandayen jihar, kuma daren Juma'a da Asabar na Yuni zuwa Agusta kan ƙare tun da wuri. Kuɗin gurbi daban, takardar shigar mota daban, mai lambar wata jiha kuma ya fi biya. Mutum 6 ne iyakar gurbi ɗaya idan ba iyali guda ba ne. Wanda zai iya zuwa daga Litinin zuwa Alhamis, ko a Satumba, zai ga kamar wani gandun daban ya shiga. Ranar Asabar ta lokacin zafi kuwa wuraren ajiye mota na bakin ruwa sukan cika tun kafin azahar.

Dokar itace tana kama baƙi da yawa. Ba a yarda a shigo da itacen wuta daga nesa da ya wuce mil 10 ba, ko daga wata jiha, sai wanda ke da shaidar hukuma. Dalili shi ne ƙwarin da ke ɓuya cikin ɓawo su kashe itatuwan daji. Ana sayar da itace a cikin gandun da kewayensa, a saya a nan. Abinci kuma kada ya kwana a kan tebur ko cikin tanti, a kulle shi a mota. Dabbar nan rakun, mai baƙin zane a idanu, ta iya buɗe murfin kula da hannunta, kuma ta saba da mutane.

Hawan dutse shi ne ainihin abin da ake zuwa dominsa. Hanyoyin ƙafa sun kai mil 29, amma wadda ta fi biyan wahala ita ce a tashi daga bakin ruwa na kudu, a hau ta hanyar Balanced Rock, a bi saman dutsen gabas zuwa Devil's Doorway, wasu duwatsu masu siffar ƙofa, a sauko ta hanyar Potholes, a dawo ta hanyar Grottos cikin inuwa. Hawan bai kai rabin mil ba, amma matakala ce ta duwatsu marasa daidaito, babu abin riƙewa a mafi yawan wurin. Dutsen nan mai launin shunayya, wanda ya haura shekara biliyan 1.5, yana da tauri da santsi, ƙafafun mutane kuma sun goge shi. Idan ya jiƙe, kamar an shafa masa sabulu yake. Bayan ruwan sama a haƙura da shi, a bi Tumbled Rocks, hanya mai kusan mil 1 a gefen ruwa ta yamma, wadda yara da dattawa za su iya. Takalmi ya zama mai roba mai kama ƙasa, ba silifa ba. Saukowa ta fi hawa haɗari, domin a lokacin gwiwa ta gaji. A saman babu famfo, lita 1 ga kowane mutum shi ne mafi ƙanƙanta. Babu shinge a bakin dutsen, kuma an sha samun faɗuwa, har da asarar rai, don haka yaro ya kasance a hannun babba.

Ruwan tafkin garau yake, kuma an hana injin mai, sai na lantarki, shi ya sa tuƙa kwalekwale ke da daɗi. Ana ba da haya a bakin ruwa. Babu masu ceto a wuraren iyo. A farkon lokacin zafi akan samu ƙaiƙayin masu iyo, wanda wasu ƙananan halittu da ke fitowa daga dodon koɗi ke haddasawa, sun kuma fi yawa a ruwa marar zurfi inda yara ke wasa. Da an fito a goge jiki da tawul da ƙarfi, kada a bari ruwan ya bushe a fata.

Kaska ta fi maciji zama abin damuwa a nan. Akwai macizai masu dafi a cikin duwatsun, amma da wuya a gamu da su. Kaska kuwa tana cikin ciyawa, ƙanƙanuwa ce ƙwarai, tana kuma ɗauke da cutar Lyme da ta yi yawa a Wisconsin. A cusa ƙafar wando cikin safa, a fesa maganin ƙwari, a duba jiki kowane dare: hammata, bayan gwiwa, ƙugu da cikin gashi. Idan ta kama, a sa hantsaki dab da fata a ja ta a miƙe, ba tare da murɗawa ba. Cire ta cikin awa 24 yana rage haɗarin kamuwa sosai.

Wanda ya rasa gurbi, ko yake son barci fiye da hayaniya, ya nemi Mirror Lake State Park, arewa da Baraboo kusa da Lake Delton. Ruwansa kwance yake tsakanin bangon dutse, an hana jirage gudu, guraben kuma suna cikin itatuwa. Aibinsa ƙarar motoci daga babbar hanyar I-90/94, wadda ake ji da dare a wasu guraben. Kwana a can da wuni a Devil's Lake tsari ne mai kyau, tafiyar ba ta da nisa, kuma takardar shiga ta shekara tana aiki a duka biyun.

Ranar da ƙafa ta gaji, akwai Parfrey's Glen, kwazazzabo mai sanyi gabas da gandun, sai dai ba a shiga da abinci ko kare, kuma ƙarshen hanyar cikin rafi ake bi, takalmi zai jiƙe. Cibiyar International Crane Foundation da ke kusa da Baraboo tana da dukkan nau'o'in gauraka 15 na duniya. Mai zuwa daga Madison, babban birnin jihar, kuma zai iya bin hanya mai lamba 113 ya haye kogin Wisconsin a jirgin fito na Merrimac, kyauta, amma ba ya aiki idan kogin ya daskare.