Sharhi: bakin sukudireba mai rami na kwance sitiyari

Duk bakaniken da ya taɓa kwance sitiyarin Nissan ya san kusoshin nan biyu da ke ɓoye dama da hagu, masu riƙe da jakar iska. Kansu tauraro ne mai tsini shida, irin na Torx, amma an dasa ɗan ƙarfe a tsakiya da gangan don kada kowa ya kwance. Sai da baki mai rami a tsakiyarsa, yawanci lamba T30, wasu tsofaffin motocin kuma T50. Ni abin da ya sa na neme shi shi ne hon ya mutu, fitilar jakar iska ta ƙi kashewa, alamar wayar nan mai naɗi da ke bayan sitiyari ta tsinke.

Samunsa ya fi aikin wuya. A Kofar Ruwa idan ka ce tauraro, nan take a zube maka, amma da ka ce mai rami sai mai shago ya ce, "Oga, ai duk ɗaya ne." Ba ɗaya ba ne. Daga baya na dace da ƙaramin akwati mai bakuna iri-iri, na kuma sayi dogo guda ɗaya daban, mai tsawon milimita 100, an buga S2 a jikinsa, wato nau'in ƙarfensa.

Na cikin akwatin ba su yi mini rana ba. Tsawonsu milimita 25 ne kawai, dole sai an ɗora su a kan mariƙi, shi kuwa mariƙin ya fi ƙarfin ramin da ke jikin sitiyarin. Ga shi ƙarfen da laushi. Kusoshin nan daga kamfani ake shafa musu gam, saboda haka suna da gardama, kuma baki mai rami bangonsa siriri ne. Da na matsa sai haƙoran suka fara murɗewa, na janye tun kafin su cinye kan kusar. Wataƙila su yi amfani a gyaran rediyo.

Dogon kuwa, madalla. Ya zauna daram, na ɗan buga masa guduma a hankali, na juya da hannu, kusa ta saki. Ban ga ko ƙwarzane a haƙoransa ba. Aibinsa ɗaya, ba ya da maganaɗisu, kusar takan zame cikin roba.

Yaran gareji sukan karya ɗan ƙarfen tsakiyar da kurfi su wuce. Kusa da jakar iska ban yarda da wannan ba. A cire kan batir, a jira aƙalla minti 3 kamar yadda littafin gyaran Nissan ya ce, a ajiye jakar fuskarta na kallon sama. Mai Golf ko Passat kuma ya sani wannan bakin ba zai kwance masa babbar kusar tsakiya ba, tata mai tsini 12 ce, lamba M12.