Gargaɗi ga masu Hilux da Prado: ku kula da mai tallan sifesa a Facebook

Assalamu alaikum 'yan uwa direbobi, da iyayen gidanmu masu motocin shiga daji.

Tun farkon daminar bana wani mai talla ya cika Facebook da TikTok da bidiyon abin da yake kira maganin zaman mota ta baya. Da yawanku kun gani. Za a nuno Hilux ta durƙusa, gindi a ƙasa hanci a sama, sai a nuno wasu guntayen ƙarfe masu ƙyalli a cikin leda, sai kuma ga motar ta miƙe tsaf. Yana cewa sifesa ce, wato abin da ake cusawa a ƙafar mota don ƙara mata tsayi, wai daga Ostireliya, saiti ɗaya yana shiga kowace mota, kuma da ita an gama kashe kuɗi a kan sifirin har abada. Kama sunan shafin ba zai amfane ku ba, domin sunan da aka san shi da shi wancan watan ba shi ne na yau ba, lambar waya ma haka. Salon ne bai sauya ba, shi ya sa zan zayyana muku salon.

Aikina ƙasan mota ne, kuma motocin da aka saka wa kayan mutumin nan sun fara shigowa garejinmu. Abin da na gani da idona ya sa na kasa yin shiru.

Da ka yi masa magana ta WhatsApp zai karɓe ka hannu bibbiyu. "Alhaji saura saiti biyu kacal, in ba ka yi sauri ba wani ya riga ka." In ka tambayi inda shagonsa yake, zai ce kaya suna sito a Legas, ta wayabil kawai yake turawa. In ka ce ya kawo ka biya bayan ka gani, zai ce an sha cin amanarsa, sai dai ka ba da rabi kafin alƙalami. Asusun da zai turo maka kuma sunan wani ne daban, bai yi kama da sunan shafin ba. Bayan ka tura zai aiko da hoton kwali an rubuta sunanka da maka, da lambar wani wai shi direba. Kwana biyu "direban" zai kira ya ce an tsare kaya a hanya, a ƙaro wani abu. Ka ƙara ko ka ƙi, ƙarshenta ɗaya ce: a wayi gari an toshe ka, shafin ya ɓace. Wannan kaso na farko ke nan, kuma wallahi su ne suka fi sa'a, tunda kuɗi kaɗai suka rasa.

Kaso na biyu su ne waɗanda kayan suka iso musu. Wani bawan Allah mai kai wa gona kaya ya kawo mana Hilux ɗinsa a kan motar janwe. Ya ce yana cikin tafiya a hanyar burji da buhunan taki, ya faɗa wata gargada ba wata babba ba, sai ya ji ƙara a baya, motar ta fara tafiya a karkace, sitiyari na gefe guda gindi na bin wani gefen. Da muka ɗaga ta, sifesar ɓangaren direba ta rabe gida biyu, rabi ya faɗi a hanya. Na ɗauki ragowar na duba inda ta karye. Cikinta duk ƙananan ramuka ne, da baƙin yashi, da wani ɗan guntun waya da bai gama narkewa ba. Alminiyam ɗin bola ne aka narka aka zuba a ƙasa, irin yadda ake zuba tukwane, aka goge bayansa aka fesa fenti mai ruwan azurfa, aka manna takarda mai sunan Old Man Emu. Wannan suna ne na gaske, na kamfanin ARB na Ostireliya, kuma an fi saninsu da cikakken sifirin da shokozoba. Babu ruwansu da wannan ta'asa, sunansu kawai aka sata. Ramin da kan santabol, wato ƙusar tsakiya da ke haɗe sifirin, zai zauna ma bai tsaya a tsakiya ba, an huda shi da hannu ya goce. Babu sababbin yubol, wato lanƙwasassun ƙarafan da ke ɗaure sifirin da aksil, a cikin saitin, don haka yaron da ya ɗaura sai ya mayar da tsofaffin, noti ya kama haƙori uku ko huɗu kacal. A kan wannan ne rayuwar mutum da yaran da ke bayan motar ta rataya. Allah ne kawai ya tsare.

To amma ko da ƙarfen na kirki ne, maganar da yake tallar da ita ƙarya ce tun daga tushe, kuma nan nake so ku tsaya ku fahimta.

Hilux tana fitowa daga kamfani bayanta ya ɗan fi gabanta tsayi, da gangan, don in an yi lodi ta daidaita. In ka ga babu kaya a kanta amma baya ya yi ƙasa, sifirin ne ya gaji. Ganyen sifirin, wato falayen ƙarfen da aka jera a kan juna, da ya kamata ya lanƙwasa ya miƙe, ko ya fara juyawa ta ɗaya ɓangaren, ko kuma ɗaya daga ciki ya tsage. Dalilin kuma ba ɓoyayye ba ne. Abin da aka ƙayyade wa motar kusan tan ɗaya ne, wata ƙasa da haka wata sama kaɗan, kuma har da nauyin direba da fasinja a lissafin. Buhu goma na masara mai kilo 100 ya riga ya cinye shi. Mu kuwa mun san abin da muke ɗora mata ranar kasuwa.

Sifirin ganye a jikin shasi yake maƙale ta bakinsa biyu, aksil kuma yana ɗaure a tsakiyarsa. Sifesa tana shiga tsakanin sifirin da aksil ne, ta tura aksil ƙasa da inci ɗaya ko biyu. Daga waje za ka ga mota ta tashi. Amma leƙa ƙasa ka gani: ganyen yana nan a miƙe yadda yake jiya, tazararsa da shasi ba ta ƙaru ba, ƙarfinsa bai dawo ba. Kamar mai ciwon baya ne aka ba shi takalmi mai tudu, ya ƙara tsawo amma bayan na nan da ciwonsa. Ranar da ka yi lodi za ta sake bugun ƙasa, kuma yanzu ka rasa alamar da take nuna maka cewa sifirin ya kusa karyewa. Wannan ne ya fi damuna, domin zaman da motar ta yi gargaɗi ne take yi maka, shi kuma ya sayar maka da abin rufe mata baki.

Sannan sifesar tana jawo nata matsalolin. Duk lokacin da ka taka mai, aksil yana ƙoƙarin murɗawa, sifirin ne yake riƙe shi. Da ka nisanta aksil daga sifirin, murɗawar tana ƙara ƙarfi. A kwalta ba lallai ka lura ba. A yashi ko taɓo, da ƙaramar giya, za ka ji tayoyin baya suna tsalle suna dukan ƙasa, ganyen yana nannaɗewa yana sakewa. Haka babban ganye yake karyewa, haka kuros ɗin furofela yake mutuwa da wuri. Shokozoba ma tsawonta ƙayyadadde ne. In aksil ya yi ƙasa da yawa tana kai wa ƙarshenta ta riƙa finciko kanta har ta fara zubar da mai. Tiyon birki na roba da ya sauko daga shasi zuwa aksil shi ma zai iya ɗamewa idan taya ɗaya ta faɗa rami.

Akwai kuma abin da masu tsofaffin Hilux marasa ABS ya kamata su sani. A jikin shasi kusa da aksil na baya akwai wani bawul mai doguwar sanda da ta haɗu da aksil. Aikinsa ya auna yadda mota ta zauna: in ta yi ƙasa ya gane akwai kaya ya ƙara wa birkin baya ƙarfi, in ta yi sama ya rage. In aka ɗaga motar fiye da tsayinta na asali ba a gyara sandar nan ba, bawul ɗin zai ɗauka babu kaya alhali tana cike, birkin baya ya yi sanyi. Mai tallan nan bai taɓa ambatar wannan ba, ban ma tsammanin ya san da shi.

Maganarsa ta cewa saiti ɗaya na shiga kowace mota kuwa ita ce ta fi tona masa asiri. Prado ba ta da ganye a baya, koyil gare ta, wato sifirin mai nannaɗe, kuma sifesarta zobe ne da yake zama a kan koyil ɗin. Land Cruiser 79 ta ɗaukar kaya tana da ganye, amma a ƙarƙashin aksil yake, don haka in ka cusa ƙarfe a tsakaninsu ƙasa za ta ƙara yi. Wanda bai bambance waɗannan ba, ta yaya zai sayar maka da kayan ƙafar mota? Masu Prado da suka saya, abin da ya iso musu baƙar roba ce da aka yanko daga tsohuwar tayar tirela, har zaren waya na leƙowa ta gefe. Irin wannan tana lotsewa cikin ɗan lokaci, koyil ya zauna a karkace.

Ban ce duk sifesa haramun ba ce. Akwai ta gaske, wadda aka yanko da inji daga dunƙulallen ƙarfe ko alminiyam mai kyau, ko roba mai tauri ta musamman don koyil, an yi ta don mota ɗaya takamaimai, tana zuwa da sababbin yubol masu tsawon da ya dace. Wurinta shi ne motar da sifirinta ke da lafiya ana son ɗan daidaita tsayi kaɗan. Ko ita ba a ɗora biyu a kan juna, ba a kuma saka irin ta ganye a aksil na gaba. Amma ga sifirin da ya mutu, ba ta da abin da za ta yi masa.

In motarka ta zauna, ga abin da za ka yi kafin ka kashe ko sisi. Sauke kaya duka, ka tsayar da ita a shimfiɗaɗɗen wuri, ka sa tef ka auna daga tsakiyar taya zuwa bakin madigadi, hagu da dama. In ɓangare ɗaya ya fi zama sosai, zargi karyayyen ganye. Shiga ƙasa da tocila ka bi ganyen ɗaya bayan ɗaya, musamman kusa da santabol da wajen idon babban ganye. Tsagewa takan nuna kanta da jan tsatsa mai kama da gari. Dubi robar da ke tare bugu, in wurin da take taɓawa ya goge yana ƙyalli, motar ta daɗe tana dukan ƙasa. Dubi bushin da shakul, wato robobi da ƙarfen da ke maƙale bakin sifirin a jikin shasi, domin wani lokaci su ne suka cinye. Daga nan magani ya danganta da aljihu da irin aikin motar. Masu buga sifirin za su iya dawo masa da lanƙwasa, ya ɗan kai ka, sai dai ba ya daɗewa in lodi bai ragu ba. Ƙarin ganye ya fi wannan riƙewa, ko da yake motar za ta yi tauri in babu kaya. Wanda ya fi duka shi ne sauya sifirin gaba ɗaya, hagu da dama tare, sabo ko na Beljiyam mai kyau. Ka je Kofar Ruwa in kana Kano, ko Panteka in kana Kaduna, da bakanikenka, ku ɗaga kaya da hannu ku gwada da tsohon kafin kuɗi ya fita. Kowanne ka zaɓa, a sa sababbin yubol, domin tsohon ya riga ya miƙe, kuma ka dawo a sake ɗaure su bayan 'yan ɗaruruwan kilomita.

Iyayen gidanmu masu ba direba kuɗin gyara, don Allah ku riƙa tambaya me aka yi. In mota ta tafi a durƙushe ta dawo a miƙe cikin awa ɗaya da kuɗi kaɗan, ku sa a leƙa ƙasanta.

Wanda ya riga ya tura wa mutumin nan kuɗi, kada kunya ta sa ya yi shiru. Ya ɗauki hoton duk hirarsu da shaidar turansifa da lambar asusun tun kafin a goge, ya je bankinsa a ranar ya shigar da ƙorafi a rubuce, domin jinkiri ne yake ba su damar kwashe kuɗin. Ya kai rahoto ga 'yan sanda ko EFCC, in kuma jabun kaya aka aiko masa akwai hukumar kare masu saye ta FCCPC. Ya kuma kai ƙarar shafin a Facebook ɗin kansa, ya sanar a zauren direbobinsu.

Wanda kuma kayan ke jikin motarsa yanzu haka, kada ya yi lodi, kada ya hau babbar hanya. Ya lallaɓa a hankali zuwa gareji mafi kusa a cire su yau, a duba santabol ko ya lanƙwashe, a duba tiyon birki, a jefar da tsofaffin yubol ɗin. Sifesar kuma kada ya yar, ya adana ta da ledarta da takardar wayabil, zai buƙace su wajen kai ƙara.