Mitar ESR ta gano busasshen kafasita, amma shot ya yi mata wayo

Wata huɗu ke nan da na sayi wata 'yar ƙaramar mitar ESR, mai allo ɗan mitsitsi da wayoyi biyu masu bakin kada. Na ƙi cewa komai a kanta sai na gwada ta a aiki na gaske. Aikin kuwa ya zo da kansa: tsohuwar kwamfuta IBM 5150, irin wadda ta fara fitowa a 1981, da wani abokina ya jibge a ɗaki shekara da shekaru. Ka kunna, fanka na juyawa, allo baƙi ƙirin, ko ɗan ƙaran nan na tashi babu.

Ga wanda bai san amfanin mitar ba: manyan kafasitocin (masu riƙe caji su tace wuta) da ke cikin akwatin wutar kwamfuta akwai ruwan sinadari a cikinsu, kuma tsufa da zafi suna busar da shi. In ya bushe, turjiyar cikinsa sai ta hau, ya kasa tace wuta, alhali in ka auna girmansa da maltimita kana iya ganin lamba kusan daidai. Wannan turjiyar, wato ESR, ita mitar ke aunawa. Tana aika sigina mai kilohaz 100, da ƙarfi kaɗan ƙwarai yadda ba zai tayar da diyod ko tiransista ba, shi ya sa ba sai ka narkar da dalma ka ciro kafasitan daga allon da aka dasa shi ba.

A nan ta burge ni, ba ƙarya. Na buɗe akwatin wutar, na fara sauke cajin manyan kafasitocin da rezista, domin suna iya riƙe sama da volt 150 bayan an zare fulogi, kuma wannan ya isa ya ƙona mitar, ya ji wa mai ita ciwo. Takardar da ta zo da ita ta faɗi haka, amma da rubutu ƙanana kamar ƙwayar gero. Cikin minti goma na bi su ɗaya bayan ɗaya. Wani a layin volt 5, wanda a ido lafiyarsa ƙalau, bai kumbura ba, bai yi yoyo ba, ya nuna om 1.8. Sabon da zan sa a gurbinsa bai kai 0.1 ba. Da ido kawai na dogara, da na wuce shi.

Na canza, na mayar da komai, na kunna. Shiru.

Sai na cire akwatin daga babban allon cikin kwamfutar na ɗora masa tsohon diski, tunda irinsa ba ya son tashi babu kaya a kansa. Duka layukan huɗu suka fito daidai: +5, -5, +12, -12. Ashe akwatin ba mutuwa ya yi ba, kashe kansa yake yi don ya ji shot, wato haɗewar layin wuta, a gaba. A cikin fulogi biyun da ke kai wuta babban allo, na mayar da P9 kaɗai na bar P8 a zare, wuta ta tsaya daram. To P8 shi ke ɗauke da +12 da -12, matsala tana ɗaya daga cikinsu.

Nan ne mitar ta ɓata mini dare guda. Babban allon 5150 cike yake da ƙananan kafasitocin tantalam masu ƙafa uku, maikrofarad 10, volt 16, waɗanda in sun tsufa haɗewa suke yi, su zama shot. Na ɗora mitar a kansu, duk wanda na taɓa a wannan layin sai ta nuna 0.02, wato a wurinta ba wanda ya kai su lafiya. Ita dai ƙaramar lamba take nema, kuma kafasitan da ya zama waya zalla ai shi ya fi kowa ƙaramar lamba. Ga shi duk a layi ɗaya suke, ruɓaɓɓe guda ya ja wa sauran. Laifina ne rabi, da tunani zan gane. Amma ko layi ɗaya na gargaɗi ba su sa a takardar ba. Tsohuwar maltimitata ce ta fasa ƙwai: tsakanin layin -12 da layin ƙasa (ground), turjiya kusan sifili. Na riƙa ɗaga su ɗaya ɗaya, a na uku shot ya ɓace.

Sauran ƙorafi ƙanana ne. Wayoyin gajeru, bakin kadan ya yi kauri a wurare masu matsi, kuma tana kashe kanta daidai lokacin da kake neman inda za ka ɗora, sai ka sake haɗa bakunan ka mayar da ita sifili. Jadawalin da aka buga a fuskarta yana taimakawa, sai dai na masu ruwa ne kawai.

Zan sake sayenta in ta lalace, amma wanda bai da maltimita ya fara da maltimita. Ita kuwa 5150, da na sa sabon tantalam na kunna, ta yi jim, ta yi ƙara sau ɗaya, sai ga manhajarta ta BASIC a kan allo.