Gwajin tsakuwa kafin zuba kankare: wanne ya cancanci kuɗinka?

Sinadaran sodiyam da fotasiyam da ke cikin siminti, idan suka gamu da wani nau'in silika a cikin tsakuwa ko yashi, sukan haifar da wani abu mai yauƙi da ke shan ruwa yana kumbura, har gini ya tsattsage kamar ƙasan tafkin da ya ƙafe. Injiniyoyi na kiran wannan ASR (gajartawar sunansa na Turanci, alkali-silica reaction), kuma Thomas Stanton ne ya fara bayyana shi a Kalifoniya a 1940. Yakan yi shekaru bai fito fili ba, ranar da zai fito kuwa an daɗe da biyan kowa.

Akwai gwaje-gwajen gano wannan matsala, masu lambobin ASTM, ƙungiyar tsara ƙa'idojin gwaji da ke Amurka. Ni dai ASTM C1293 nake biya wa kuɗi. Kankare na gaske ake zubawa da tsakuwarka, a ƙara masa sinadarin sodiyam da gangan, a ajiye shi cikin danshi a zafin digiri 38, ana auna tsawonsa har shekara guda. Idan ya kumbura da kashi 0.04 cikin ɗari ko fiye, tsakuwar na da matsala. In kana son sanin ko tokar kwal ko garin kashin ƙarfe (dattin da ke saura bayan narkar da ƙarfe) da ka haɗa da simintin za su magance abin, sai ka jira shekara biyu. Yana da aibinsa, domin danshi kan wanke wani ɓangare na sinadarin daga samfurin, sakamakon ya yi ƙasa da gaskiya. Shi ya sa masu bincike a Jami'ar Texas da ke Austin suke ajiye manyan tubalan kankare a fili, rana da ruwa na dukansu, suna kwatantawa. In akwai tsohon gini da aka yi da irin tsakuwar, je ka duba shi da idonka.

ASTM C1260 sauri kawai ya fi C1293 da shi: kwana 14 cikin ruwan sodar yin sabulu mai zafin digiri 80. Tsananinsa kan kayar da tsakuwa mai kyau, wani lokaci kuma ya bar marar kyau ta wuce. C295, wato duba dutsen da madubin ƙara girma, yana da amfani a matakin farko. C289, wani tsohon gwajin sinadarai, an janye shi, kada ka karɓa.

Abin da ya ƙona ni kuwa takarda ce. Wani mai kawo mana tsakuwa ya miƙo rahoto mai hatimi da sa hannu, muka zuba bangon tare ruwa. Bayan wasu shekaru bangon ya fara tsagewa yana fitar da wani farin abu mai yauƙi. Ashe samfurin daga wani ɓangare na mahaƙar aka ɗebo, namu kuwa daga wani gefen daban.

Tun daga nan ba na barin mai sayarwa ya kai samfur da kansa. A ɗeba a gabanka, daga tulin da za a kawo maka, a rufe buhun ka sa hannu. Duba ranakun rahoto: wanda ya kawo maka sakamakon C1293 bayan wata ɗaya ƙarya ya kawo. Nemi awon kowane lokaci, kada ka yarda da kalmar "ya wuce" ita kaɗai. Kira ɗakin gwajin ka tabbatar da lambar rahoton, domin ana kwafar tsohon rahoto a sauya kwanan wata. Idan launin tsakuwar ya canza ana tsakiyar aiki, tsayar da motar a sake ɗiban samfur.